Yadda Saƙo Ke Tafiya Tasha-Tasha a Rediyon Fakiti

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, Sabo, Ibadan

   

Za ku tuna a watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a wajajen gaɓar Kwaddibuwa, harkar banki da ta waya suka riƙa cijewa. Mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa jin jiki. A lokacin ne wani dattijo ya tambaye ni, "Yaro, shin babu hanyar aika rubutu sai ta hannun kamfani?" Na ce akwai, Baba. Ita ce zan yi bayani a kai yau.

Akwai mutane a duniya masu sha'awar rediyo, waɗanda hukuma ke ba lasisi su kafa 'yar tasha a gida. Kowa da lambar kiransa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G. A 1978 wasu daga cikinsu a Kanada suka fara haɗa kwamfuta da rediyo, kuma a 1984 aka tsayar da ƙa'idar da ake kira AX.25.

To, yaya abin yake? Ka rubuta wasiƙarka a kwamfuta. Wani ɗan akwati mai suna TNC sai ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce harafi 256 ba. Ita ce fakiti. A goshin kowane fakiti akwai lambar mai karɓa da ta mai aikawa, a ƙarshensa kuma akwai wani ɗan lissafi na tantancewa. Akwatin ya mai da shi ƙara, ya saurara ya ji babu mai magana, sannan ya sake shi. Can kuma a sake lissafin. In ya yi daidai a amsa "na samu". In ko harafi ɗaya ya gurɓace a jefar, mai aikawa ya maimaita. Ba shi da sauri, kusan harafi 150 ne a daƙiƙa, amma abin da ya isa ya isa daidai.

Matsalar ita ce, rediyon da aka fi yin wannan aiki da shi ba ya wuce inda eriya ke hange. Shi ya sa ake bi ta tashar maƙwabci, ta ji ta maimaita, har tasha 8 a jere. Amma ku lura, wannan maƙwabci ba ya ɗaukar alhaki. Amsar "na samu" daga can ƙarshe take dawowa. Mu ƙaddara kowane tsallake sau 9 cikin 10 yake yin nasara. In ka bi ta tasha 3, tsallake 4 ne zuwa, 4 dawowa, sai ka ga abin da ke kammaluwa bai kai rabi ba. Don haka a 1987 aka fito da tsarin NET/ROM, inda kowace tasha ke karɓa ta amsa, sannan ta ɗauki nauyin miƙawa gaba.

Na ukunsu shi ne akwatin ajiya, wato BBS. Wannan kam mun san shi tun kafin rediyo. Kakanninmu fatake ba sa kai goro Kano a rana guda; zango-zango ne, kowane zango da maigidansa. Haka saƙo ke kwana a akwatin garinku, in lokaci ya yi akwatin ya kira na gaba ya miƙa masa. Adireshin yana ɗauke da lambar mutum, da akwatinsa, da ƙasa, da nahiya. Kowane akwati kuma yana rubuta lambarsa da lokaci a saman wasiƙar, don in ta makara a san inda ta kwana.

Gargaɗi biyu, musamman ga 'yan kasuwarmu. Doka ta hana cinikayya a wannan rediyo, ta kuma hana ɓoye magana. Kowa mai na'ura yana iya karantawa, don haka ba wurin farashin shanu ba ne, ba kuma wurin sirrin iyali ba.

Zuwan intanet ya rage masa kasuwa tun ƙarshen shekarun 1990, amma bai mutu ba. Ana amfani da shi a tsarin APRS da Winlink, musamman lokacin bala'i. Sai dai hanyar ba ta wanzuwa sai da mutanen da za su bar tasharsu a kunne saboda saƙon wanda ba su sani ba. Tasha ɗaya ta mutu, zare ya tsinke. Ina kira ga samarinmu masu gyaran rediyo da waya su nemi ilimin nan da lasisinsa, ƙungiya kuma ta tallafa musu da batir da sola.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.