Makarantar Wa? Riƙo da Kuɗin Makarantun Firamare a Ƙasar Karaye da Rogo



Da aka nemi in yi wannan lacca, wani abokina ya ce mini, "Kai da aikinka nahawu da adabi ne, me ya kai ka maganar kuɗin makaranta?" Na ce da shi ai nahawun ne ya kai ni. Ku duba yadda Bahaushe yake kiran makaranta. In ta allo ce, sai ya ce makarantar Malam wane. Harafin nan guda na mallaka ya gama bayani: an san mai ita, an san gidansa, in yaro ya komo da sawun bulala an san zauren da za a je a yi sallama. In ta Islamiyya ce, akan jingina ta ga ƙungiyar da ta kafa ta, ko attajirin da ya gina ta. Amma ta boko fa? Kakanninmu sun ce makarantar En'e, iyayenmu suka ce ta L.E.A., mu kuwa muka ce ta gwamnati. In ka tsananta tambaya ka ce wace gwamnati, ta Tarayya, ko ta Jiha, ko ƙaramar hukuma, sai a yi ta kallon juna.

Don kada maganar ta zama ta iska, zan ɗaure ta a wuri ɗaya, watau Zoza. Gari ne a ƙaramar hukumar Rogo, ɗaya daga cikin mazaɓunta 10, a tsohuwar ƙasar Karaye, can kudu maso yammacin Jihar Kano, inda ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Ƙasa ce ta manoma. Na zaɓe ta ne saboda nisanta da birni, domin tsarin mulki a gefe ake gane kyansa ko muninsa, kamar yadda ake gane saƙar tabarma a bakinta.

Bari mu ɗan waiwaya. Bayan da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, riƙon makarantun elementare a hankali ya koma hannun En'e. Talaka ya biya haraji, Bafillace ya biya jangali, dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali, daga nan kuma a fitar da albashin malami da kuɗin alli. Ba na cikin masu yi wa zamanin nan kirari. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, kuɗin ƙauye a birni ya fi yin aiki, kuma kamun yara ake yi kamar na soja, har mai hali yakan ba da wani abu a bar masa ɗansa a kama na wanda ba shi da gata. Amma abu ɗaya ba ya ɓuya: in aji ya zama wayam, hakimi ne zai amsa tambaya, shi kuma ya juya kan dagaci. Igiyar gajeriya ce, ana ganin bakinta biyu.

Dokar ilmi ta Jihar Arewa ta 1962 ita ta kawo hukumomin ilmi na ƙananan yankuna, waɗanda sunansu na L.E.A. ya manne wa makarantun har yau. Sai kuma 1976, shekarar da abu biyu suka faɗo tare. Aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya raba sarakuna da mulkin yau da kullum, aka kuma fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E., a watan Satumba. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka fito. Kuɗin man fetur ne ya ɗauki nauyin, daga Ikko. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka wayi gari da azuzuwa, wannan kuwa alheri ne babba, ba mai musunsa. Sai dai makarantar ta zo ne kamar baƙo, ba wanda ya yi mata aikin gayya, ba wanda aka yi shawara da shi inda za a kafa ta.

A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Duk wanda ya san irin wulaƙancin da ake yi wa magidanci a ƙofar dagaci saboda haraji ba zai yi kewarsa ba, ni ma ba na yi. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Daga ranar, babu wani kwabo da manomin Zoza zai nuna ya ce wannan nawa ne ya shiga makarantar nan. Wanda bai ga fitar kuɗi daga aljihunsa ba kuwa, da wuya ya ga yana da bakin tambayar inda suka shiga, ko da yake kuɗin man ma nasa ne.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, Gwamnatin Tarayya ta zare hannu, aka bar jihohi da ƙananan hukumomi da kayan da ba su suka ɗaura ba. Albashi ya riƙa makara. Daga nan aka shiga jifa da makarantar firamare kamar ƙwallo. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa da asusunta. A 1991 aka rushe ta, aka danƙa kome ga ƙananan hukumomi. Cikin shekara biyu malamai a sassa da yawa na ƙasar nan suka bi bashin albashin watanni, yajin aiki ya yawaita, har a 1993 aka sake maido da hukumar, tare da ta jiha da ta ƙaramar hukuma. Ina roƙo ku riƙe waɗannan shekaru biyu, zan komo kansu. A ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, kuma a kanta ake tafiya.

To, yaya tsarin yake? Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC a Abuja. Jiha ba ta taɓa kuɗin gine-gine daga ciki sai ta ajiye nata daidai da wanda za a ba ta, shi ya sa kuke jin kuɗi sun yi shekaru kwance a Abuja wasu jihohi ba su ɗauka ba. A Kano akwai SUBEB. A kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 akwai hukumar ilmi da Sakataren Ilmi. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ilmin firamare cikin ayyukan da ƙaramar hukuma take sa hannu a ciki, sa'an nan sashe na 162 ya ce kasonta ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Ta nan aka saba cire albashin malamai tun kuɗin ba su iso Rogo ba.

Mu sauko da wannan ƙasa. A ce iskar farkon damina ta kware kwanon aji biyu a wata makaranta a Zoza. Hedimasta shi ya ga ɓarnar, amma ba shi da asusun da zai sayi ko ƙusa. Zai rubuta wa Sakataren Ilmi a Rogo. Sakatare yana da ofis da hatimi, amma babban gyara ba a hannunsa yake ba, sai ya tura Kano. Shugaban ƙaramar hukuma zai ce ai an riga an cire kuɗin ilmi daga kasonsa. A Kano takardar za ta shiga layi da ɗaruruwan irinta, ta jira tsarin aikin shekara, ta jira ɗan kwangila, wanda mai yiwuwa bai taɓa taka garin ba. Kafin nan an haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya, wasu yaran sun koma gindin bishiya, uban da dama yana son hannu a gona ya sami hujja. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan wanda ya san yoyon daban, mai kuɗin daban, mai sa hannu daban, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za ka kama da laifi, don kowa ya yi abin da takarda ta ce.

Haka zancen malamai yake, har ma ya fi ciwo. Wanda yake ganin malami ya zo ko bai zo ba, ba shi ya ɗauke shi aiki ba, ba shi zai canza masa wuri ba. Malamin da yake da wani a sama yakan nemi a mai da shi kusa da birni, ƙauye ya zauna da wanda ba shi da kowa. Shi kansa Sakataren Ilmi, amincewa da naɗinsa daga sama take fitowa, kuma mun saba gani kujerar tana girgiza duk lokacin da gwamnati ta canza. Mutumin da ya san wanda ya ɗora shi, can zai riƙa duba, ba wajen iyayen yara ba. Akwai sakatarori da hedimastoci na kirki da yawa, wasunsu da aljihunsu suke sayen alli. Tsarin ne bai ba nagari ƙarfi ba, bai kuma tsorata mugu ba.

Lokacin da nake karatu a Amurka na ga wani salo dabam. A can yawanci mutanen yanki su suke zaɓen 'yan hukumar makarantunsu, babban kaso na kuɗin kuma daga harajin gidajensu yake fitowa. Na taɓa zama a irin taron, na ga tsohuwa ta miƙe tana tuhumar shugaban makarantu a kan kuɗin motar ɗaukar yara, shi kuwa yana ba ta amsa da ladabi. Abin ya burge ni. Amma kada mu ruɗu: unguwar masu kuɗi makarantarta ta masu kuɗi ce, ta matalauta ta matalauta, har rigimar ta kai Kotun Ƙolin ƙasar a 1973, ba ta kuwa raba gardamar yadda matalauta suka so ba. In aka ce Rogo ta riƙe makarantunta da abin da take tarawa a kasuwanninta, an kashe su ke nan. Bakin tsohuwar nan nake so mu aro, ba hanyar tara kuɗinsu ba.

An yi ƙoƙarin samar da wannan baki. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka amince kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, mai ɗauke da iyaye da mata da masu unguwa da malaman addini, shirin ESSPIN na tallafin Ingila kuma ya yi aiki a kan haka a Kano daga 2008. Inda kwamitin ya kama, an ga amfaninsa. Amma kwamitin da ba ya riƙe kuɗi, ba ya kuma iya hukunta kowa, taron addu'a ne kawai. Gwamnatin Kano ta yi shelar ilmi kyauta kuma tilas a 2019, a watan Yuni 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Duka biyun sun nuna an san akwai ciwo. Duka biyun kuma daga sama suka sauko.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa ta zo da jan ƙafa, amma hukuncin yana nan. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana nuna fargabar a mai da albashinsu hannun shugabannin ƙananan hukumomi, kuma wanda ya tuna 1991 zuwa 1993 ba zai ce tsoron banza ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk da haka ban yarda maganin shi ne a bar kome a Kano ba.

Ra'ayina shi ne a raba kayan gida biyu. Albashi a ɗaure shi da doka, a cire shi tun daga tushe, ya faɗa asusun malami kai tsaye, kada ya bi ta hannun wani ɗan siyasa, babba ko ƙarami. Amma kuɗin ƙananan gyare-gyare, na kwano da benci da rijiya da makewayi, a sauko da su har cikin makaranta, a asusun da hedimasta da shugaban kwamitin gari za su sa wa hannu tare. Za a ce za a ci. Lalle wani zai ci. Sai dai wanda ya ci kuɗin rufin aji a garinsu, da iyayen yaran zai yi sahu a masallacin Juma'a, ɗan kwangilar birni kuwa ba ya wannan fargaba. Sakataren Ilmi kuma a ɗauke shi ta hanyar jarrabawa daga cikin gogaggun malamai, a yanka masa wa'adin da canjin gwamnati ba ya taɓawa, rahoton kwamitin gari a kan zuwan malamai ya zama yana da nauyi wajen ƙarin girma. Masarautar Karaye, wadda dokar Yuli 2024 ta bar mata Karaye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Ba na neman a mai da musu bulalar da, amma su ne mafi sauƙin hanyar sanin yaron da ya daina zuwa da dalilinsa.

Saura abu ɗaya, wanda ya komo da ni fagena. Duk takardun da na ambata, da dokar, da kasafin, da takardar kwangila, da allon da ake kafawa a bakin gini, galibi da Turanci ake rubuta su. Mutanen Zoza da Hausa suke ciniki, da ita suke rabon gado, da ita suke lissafin buhunan da suka noma, ba sa kuwa kuskuren kwabo. A rubuta musu da Hausa, da boko da ajami, a manna a bangon makaranta kowane zango: ga abin da ya shigo, ga malaman da ake biya da sunan wannan makaranta, ga wanda aka ba aikin gini da kuɗin da aka ba shi. Takarda ɗaya ta isa. Sashenmu na Hausa yana iya tsara samfurinta cikin mako guda, in hukuma ta nema, kuma ɗalibanmu 'yan Karaye da Rogo da ke zaune a ɗakin nan su ne za su fara karanta ta ga iyayensu.

Nan zan dakata, Shugaba, don a sami lokacin tambayoyi.