Yansun da Gyambon Ciki: Ina Gaskiyar Take Ga Ma'aikacin Sharada da Challawa da Bompai?



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan wani tsiro da ake kira yansun, wanda masu sayar da magungunan gargajiya suke cewa yana kare mutum daga gyambon ciki, wato ciwon nan da jama'a suka fi sani da olsa. Na ga ya dace in ɗora maganar a kan ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, domin yanayin aikinsu ya tara abubuwa da dama da ke buɗe wa wannan ciwo ƙofa, kuma da yawa daga cikinmu da guminsu ake biyan kuɗin karatunmu.

Bari mu fara da shi kansa yansun. Tsiro ne ɗan gajere, dangin karas, asalinsa ƙasashen gabashin Bahar Rum, irin su Masar da Sham. 'Ya'yansa ƙanana ne masu ƙanshi da ɗan zaƙi, kuma wannan ƙanshi yana fitowa ne daga wani mai da ke cikinsu, wanda masana suke kira anetol. Mutanen Masar sun daɗe suna dafa shi kamar shayi, suna sha bayan abinci domin kumburin ciki da yawan gyatsa. A nan Kano ana samunsa wurin masu kayan ƙamshi da shagunan magungunan Musulunci, tare da hulba da habbatus sauda.

To, daga ina maganar olsa ta samo asali? A shekarar 2007 wasu masana a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad, a ƙasar Saudiyya, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a kan ɓeraye. Sun ɗura wa waɗansu ɓerayen yansun da aka dama da ruwa, sa'an nan suka ba su abubuwan da ke ƙona ciki, kamar barasa mai ƙarfi da wani maganin ciwon jiki. Da suka duba, sai suka tarar cikin waɗanda suka sha yansun bai yi rauni kamar na sauran ba, ruwan tsamin cikinsu ya ragu, yauƙin da ke kare bangon tumbinsu kuma bai zube ba. Wannan sakamako abin ƙarfafa gwiwa ne ga masu bincike. Amma jama'a, a lura da abu biyu. Na farko, ɓera ba mutum ba ne, kuma magunguna da yawa sun yi aiki a jikin dabba suka kāsa a jikin ɗan Adam. Na biyu, raunin da aka jawo wa ɓera cikin 'yan sa'o'i daban yake da gyambon da ya yi shekaru yana cin cikin mutum. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda ya ji rabin labarin nan ya tafi yana shelar an gano maganin olsa, ya cuci mai saurarensa.

Domin mu gane iyakar abin da yansun zai iya, sai mun san yadda gyambon yake samuwa. Tumbin mutum yana fitar da ruwa mai tsananin tsami domin narkar da abinci. Abin da ya hana wannan ruwa cinye tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya shafe bangonsa. Idan yauƙin ya yi rauni a wani wuri, sai ruwan tsamin ya ci naman wurin, ya zama gyambo, ko a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma manyan abubuwan da ke tsaga wannan bango guda biyu ne.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai siffar murɗaɗɗen zare, ana kiranta Helikobakta. Shekaru da yawa likitocin duniya sun ɗauka babu wata ƙwayar cuta da za ta rayu cikin tsamin tumbi, suna ɗora laifin olsa a kan damuwa da yaji. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon wannan ƙwaya a ɗakin gwaji. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa, cikinsa ya kumbura da ciwo, ya kafa hujja da jikinsa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci. Dabarar ƙwayar ita ce, tana fitar da wani sinadari da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, ta nutse cikin yauƙin ta zauna shekara da shekaru. Yawanci tun mutum yana yaro yake ɗaukarta, ta hanyar gurɓataccen ruwa, da hannun da ba a wanke ba, da cunkoso a gida. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma a Afirka abin ya fi haka yawa. Mafi yawan masu ita ba sa yin gyambo, amma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki.

Na biyu shi ne magungunan kashe ciwon jiki, irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak. Waɗannan suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin wani sinadari, alhali wannan sinadarin ne kuma ke sa tumbi ya yi yauƙinsa. A nan ne maganar ta iso Sharada da Challawa da Bompai. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, daga baya Sharada da Challawa suka biyo. Masaƙu da yawa sun rufe, amma kamfanonin jima da na robobi da na kayan abinci suna aiki. Ku dubi leburan da ke jan jiƙaƙƙun fatu a majema, ko mai tsayuwa gaban injin roba tun magariba har asuba, ko ɗan dakon da ke loda buhuna a mota. Idan ya tashi aiki, ƙugu da kafaɗa suna masa zogi, kuma gobe dole ya koma, domin ranar da bai je ba babu kuɗinta. Sai ya tsaya wurin mai kemis ko mai tallan magani a bakin titi, a haɗa masa ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙullin leda, ya kora da shayi, sau da yawa ba tare da ya sa komai a ciki ba. Yau haka, gobe haka, har wata da watanni. Idan ya haɗa da taba sigari, gyambon ba ya saurin warkewa. Yunwa da barkono suna tayar da zafin ciwon ga wanda yake da shi, amma ba su ne tushensa ba.

Yanzu ku auna da kanku. Mutumin da ke da Helikobakta a ciki, kuma yake haɗiyar waɗannan ƙwayoyi kullum, kofin yansun zai iya rage masa kumburi da gyatsa, ya ji daɗin cikinsa na ɗan lokaci, kamar yadda jiƙon kanwa ko madara suke kwantar da zafi na ɗan lokaci. Haɗarin yana cikin wannan jin daɗin, domin shi ke sa mutum ya jinkirta zuwa asibiti alhali gyambon yana ƙara zurfi. Ƙarshensa ko ya ci jijiyar jini, ko ya huda tumbin gaba ɗaya. Duk wanda ya yi aman jini, ko ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciwon ciki mai tsanani ya turnuƙe shi farat ɗaya cikin ya ƙage kamar katako, ko yake ramewa ba dalili, a garzaya da shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba tare da jiran wayewar gari ba.

Abin farin ciki, olsa ciwo ne da ake warkewa. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, ko a leƙa cikin da na'ura. Likita yakan haɗa maganin rage tsami, kamar omefirazol, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a sha har kwana 10 zuwa 14. Sharaɗin shi ne a shanye duka, domin wanda ya daina a kwana na huɗu saboda ya ji sauƙi, ya koya wa ƙwayar jure magani ne kawai. Ga ciwon jiki na yau da kullum kuwa, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ciki.

Mai son shan yansun ya sha abinsa a matsayin shayi, amma da kula. Akwai wani ɗan itace mai siffar tauraro daga ƙasar Sin da ke da ƙanshi irin nasa, kuma yana da ɗan'uwa na ƙasar Japan mai guba wanda suke kama ƙwarai. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shayin wannan mai tauraron bayan ya sa mutane, har da jarirai, jijjiga. Haka kuma lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka rubuta a takardarsa.

'Yan'uwana, mu da Allah ya ba damar karatu akwai nauyi a kanmu. Idan mun koma gida, mu tambayi yayyenmu da kawunnanmu irin ƙwayoyin da suke sha bayan aiki, mu karanta musu sunan, mu faɗa musu illar. Ku kuma yayyenmu da ke ma'aikatun lafiya da ƙwadago da ruwa, a hannunku rigakafin na gaskiya yake: ruwa mai tsabta a unguwannin ma'aikata, wurin wanke hannu da lokacin cin abinci a kowace masana'anta, ɗakin shan magani mai ma'aikacin jinya, da sa ido a kan masu tallan ƙwayoyi. Masu karatun kimiyyar magunguna a cikinmu kuwa, ga fili nan: a gwada yansun da sauran tsirranmu a kan mutane bisa ƙa'idar bincike, abin da ya tabbata a riƙe shi, wanda bai tabbata ba a faɗi gaskiya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a gumin ma'aikatanmu.