Dalilin da Ya Mayar da Bonhoeffer Jamus



A watan Yuni na 1939 wani fasto Bajamushe mai shekara 33, Dietrich Bonhoeffer, ya sauka a New York. Abokansa ne suka yi masa hanya, ciki har da malamin tauhidi Reinhold Niebuhr, saboda an fara kiran sa'o'insa aikin soja, shi kuwa ba zai iya yi wa Hitler rantsuwar biyayya ba. Amurka ta ba shi masauki a makarantar tauhidi ta Union, da aikin koyarwa, da tsira. Bai cika wata guda ba ya hau jirgin ruwa ya koma gida. Ranar 1 ga Satumba yaƙi ya ɓarke.

Ya bayyana wa Niebuhr cewa idan bai sha wahalar nan tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana ranar da za a sake gina rayuwar Kirista a Jamus. Amma littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum ya nuna mutum mai kai-kawo a zuci, wanda ya yarda cewa shi kansa bai gama sanin abin da ke tura shi ba. Ba a yi masa wahayi ba. Karatun Littafi Mai Tsarki yake yi, yana addu'a, kewar 'yan'uwa tana cin sa, har ya yanke shawara ya miƙa ta ga Allah.

Kada a ɗauka yana ganin gudu tsoro ne. 'Yar'uwarsa ta tagwaye, Sabine, tana auren Gerhard Leibholz, lauya mai jinin Yahudawa, kuma a 1938 Bonhoeffer da kansa ya taimaka musu suka fice zuwa Suwizalan, daga can suka zarce Ingila. Ita tana da miji da 'ya'ya mata biyu da za ta kare. Shi kuwa makiyayi ne da ya horar da matasan fastoci a Finkenwalde har 'yan sandan asiri suka rufe makarantar a 1937, kuma ga ɗaliban nan ana shirin tura su fagen daga. Gida ɗaya, bangaskiya ɗaya, amma amanar da ke wuyan kowa daban ce.

Biyayya ma sai da ya koye ta da zafi. A 1933 mahaifin Leibholz ya rasu, iyali suka roƙi Bonhoeffer ya yi wa'azi a wurin binnewa. Ya nemi shawarar na gaba da shi a ikilisiya, aka ce kada ya yi wa Bayahude wa'azin jana'iza a irin wannan lokaci, ya bi. Bayan 'yan watanni ya rubuta wa surukinsa wasiƙa yana neman gafara, yana mamakin irin tsoron da ya kama shi. A wancan zamani fastoci da yawa sun fake da Romawa sura 13, mai maganar bin mahukunta, suka kauda kai daga Ayyukan Manzanni sura 5, inda Bitrus ya fifita umarnin Allah a kan na mutane. Bonhoeffer ya gane cewa mutum yana iya bin shugabansa sau da ƙafa alhali tsoro ne ke jan ragamarsa.

Komawar tasa ba ta bar shi da hannu fari tas ba. Ta hanyar mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, ya shiga hukumar leƙen asirin soja, inda masu ƙulla kifar da Hitler suka ɓuya. Ya yi yaudara, ya san da shirin kashe Hitler, ya sa hannu wajen fitar da Yahudawa 14 zuwa Suwizalan a 1942. Bai taɓa cewa wannan aiki ba shi da zunubi ba. Ra'ayinsa shi ne, mai ɗaukar nauyin wasu yakan ɗauki laifi a kansa, ya dogara ga alherin Allah maimakon tsarkin kansa. Har yau masana tauhidi suna jayayya a kan haka, kuma ya dace ɗaliban tauhidi su shiga jayayyar.

A Janairun 1943 aka yi masa baiko da Maria von Wedemeyer. A Afrilu aka kama shi aka kai shi kurkukun Tegel. Ranar 9 ga Afrilu 1945 aka rataye shi a sansanin Flossenbürg, saura mako biyu sojojin Amurka su iso wurin.

Yabo ma bai zo da wuri ba. Bayan yaƙi wasu shugabannin ikilisiya sun ƙi lissafa shi cikin shahidai, suna cewa siyasa ce ta kashe shi. Sai a 1996 wata kotu a Berlin ta tabbatar da cewa hukuncin da aka yi masa ba shi da tushe, a 1998 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a cocin Westminster da ke Landan, jere ɗaya da Martin Luther King da Akbishop Janani Luwum na Uganda.