Ciyawar Ado da Ruwan da Take Sha: Lissafin da Aka Yi Watsi da Shi

Ruwan da ake ba ciyawar ado a farfajiyar gidaje shi ne kason da masu tsara ruwan birane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Al'adarsu ita ce su ƙirga mutanen gida, su ware wa kowa litocinsa, su rufe littafi. Wannan lissafi gurgu ne, domin ciyawa ba ta san yawan mutanen gida ba. Faɗin fili da zafin rana ne ke yanke mata abin da za ta sha.

Tushen lissafin ƙa'ida ɗaya ce: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Saura a san milimita nawa ƙasa da ganye ke saki zuwa iska a yini. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daidaita hanyar gano wannan tun 1998, bisa tsarin Penman-Monteith, wanda ke haɗa zafi da hasken rana da ƙarfin iska da laimarta. Adadin da aka samu sai a ninka shi da ma'aunin ciyawar, wato kusan 0.6 ga mai jure zafi irin kiri-kiri, 0.8 kuma ga ta ƙasashen sanyi.

A ɗauki fili mai murabba'in mita 200 a tsakiyar bazara, ranar da iska ta ɗebe milimita 7. Ciyawa mai jure zafi za ta buƙaci milimita 4.2, wato lita 840. Amma ba duk abin da ya fito daga mesa ke isa saiwa ba: wani ya malale kan daɓe, wani iska ta kwashe. Idan kashi 70 cikin ɗari ne ya yi amfani, sai an zuba lita 1,200. Jarka 48 ke nan masu cin lita 25, ko kuma ruwan mutum 24 in an ba kowa lita 50. Da damina sai a cire abin da sama ta zubar, sau da yawa buƙatar ta koma sifiri.

Auna abin da ake zubawa ba ya buƙatar na'ura. Ana jera gwangwanaye a filin, a buɗe ruwa minti 15, a auna zurfinsa da rula, a ninka sau huɗu, an sami na awa guda.

Masu cewa ruwan burtsatsensu ne, ba ruwan kowa da shi, sun manta cewa taskar ƙarƙashin ƙasa ɗaya ce da ta rijiyar maƙwabci. Akwai ma inda aka riga aka ɗauki mataki: a 2021 jihar Nebada ta Amurka ta kafa dokar hana shayar da ciyawar ado marar amfani a yankin Las Begas da ruwan Kogin Kolorado daga 2027, in ban da ta gidajen iyali.

Don haka wajibi ne a sa faɗin ciyawa cikin takardun izinin gini, a ɗaura mita a kan kowace burtsatse, hukumar hasashen yanayi kuma ta riƙa bayyana milimitocin kowane wata. A yi ban-ruwa da asuba, a jiƙa ƙasa sosai jefi-jefi, a kuma taƙaita ciyawa ga inda ake zama ko wasa a kanta.