Tausar Tafin Ƙafa: Abin da Hujja Ta Tabbatar da Abin da Ta Ƙi



An nemi in yi magana a kan wata sana'a da Turawa ke kira rifleksoloji, watau matsa waɗansu keɓaɓɓun wurare na tafin ƙafa, wani lokaci har da tafin hannu da kunne, da nufin samar da natsuwa da rage nauyin damuwa; kuma da yake sana'ar ta fara leƙowa manyan biranenmu, a gidajen gyaran jiki da manyan masaukai, har ga takalman roba masu tsini-tsini a ciki da ake talla da sunanta, na ga ya dace mu zauna mu tankaɗe ta mu rairaye, kafin masu talla su riga malamai isa kunnen jama'a.

Da'awar masu sana'ar ita ce, jikin ɗan Adam baki ɗaya yana da hoto a tafin ƙafarsa. A bisa taswirar da suke ratayewa a bango, babban yatsa shi ne kai da ƙwaƙwalwa, tudun da ke ƙarƙashin yatsu shi ne ƙirji da huhu, kwarin tsakiya shi ne ciki, hanta tana ƙafar dama, saifa tana ta hagu, gefen ciki daga yatsa zuwa dunduniya shi ne ƙashin baya, dunduniya kuwa ita ce ƙugu. Mai neman tausa yakan kishingiɗa, bai tuɓe komai ba sai takalmi, mai yi kuma ya bi tafin da babban yatsan hannunsa taki-taki, rabin sa'a ko sa'a guda; inda duk ya ji tauri, ko mutum ya zabura, sai ya ce gaɓar da ke daura da wurin ce ke kuka.

Idan aka tambaye su asalin abin, galibi sukan kai mu Masar, zuwa kabarin wani waziri mai suna Ankhmahor a Sakkara, wanda ya haura shekara 4,000, inda aka sassaƙa surar waɗansu mutane riƙe da hannuwa da ƙafafun waɗansu. Surar kam tana nan. Amma masana tarihin Masar sun saɓa a kan ko jinya ce ake yi ko yankan farce, kuma ba a zana taswirar gaɓoɓi a gefenta ba. Tarihin da ke da isnadi gajere ne ƙwarai, kuma a Amurka ya faro. A shekarar 1913 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a birnin Hartford, William Fitzgerald, ya zo da ra'ayin cewa jiki ya kasu shiyya goma a tsaye, biyar dama biyar hagu, kowace ta taso daga kai ta ƙare a yatsa guda, har yakan ɗaure yatsun marasa lafiya da zoben roba ko ya matse su da maƙalin shanya, yana mai cewa hakan na kashe zafi a sauran shiyyar. Shi da Edwin Bowers suka buga littafi a kan haka a 1917. Sa'an nan wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, Eunice Ingham, ta tattara shiyyoyin nan ta sauke su a kan ƙafa, ta zana taswira, ta fitar da littafinta a 1938, ta kuma shafe sauran rayuwarta tana yawon koyarwa har rasuwarta a 1974. Ɗalibanta suka kai abin Ingila da Jamus. A Taiwan kuwa wani limamin Kirista ɗan ƙasar Suwizalan, Josef Eugster, shi ya yaɗa irin tasa, mai zafin matsa.

To, ƙa'idar alƙalanmu sananniya ce, cewa wanda ya kawo ƙara shi ake nema wa shaidu, ba wanda ya musa ba. Masana tiyata sun feɗe ƙafa sun ƙidaya abin da ke cikinta, ƙashi 26 da gaɓa 33 da tsoka da jijiyoyin ɗauri fiye da ɗari, sun kuma bi jijiyoyin ji tun daga tafi har inda suke shiga laka a ƙasan gadon baya, ba su kuwa tarar da wata hanya da ta tashi daga kwarin ƙafar dama ta nufi hanta ba. Daɗin daɗawa, taswirorin makarantun sana'ar su kansu ba su yi ittifaƙi ba, domin inda wannan ta ajiye wata gaɓa, waccan ta gusar da ita gaba ko baya.

Amma rashin gano hanya ba ya kore aukuwar amfani, don haka aka koma ga jarrabawa, kuma jami'ar Exeter ta Ingila ce ta fi ɗaukar wannan ɗawainiya, ƙarƙashin Farfesa Edzard Ernst. A shekarar 2000 suka gabatar da marasa lafiya, waɗanda likitoci sun riga sun san cutarsu, ga ƙwararrun masu sana'ar, aka hana su hira, aka ce su faɗi ciwon daga taɓa ƙafa kaɗai. Ba su gano ba, kuma maganarsu ba ta dace da ta juna ba. A 2002 suka ɗauki mata 76 masu fama da wahalhalun ɗaukewar al'ada, suka raba su kashi biyu, kashi ɗaya aka yi musu tausa bisa taswira, ɗayan kuwa aka yi musu tausar ƙafa kawai, ba tare da kula da wane wuri ne na wace gaɓa ba. Da aka auna, sai aka ga fargaba da ƙuncin rai sun ragu a kashi biyun duka, ba kuwa wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. A 2009 Ernst ya tattara jarrabawa 18 da aka yi a wurare dabam-dabam, ya yanke cewa babu gamsasshiyar hujja cewa sana'ar tana warkar da wata cuta. Gwamnatin Ostireliya ma, bayan binciken da ta wallafa a 2015, ta cire ta a 2019 daga cikin jinyoyin da take tallafa wa inshorarsu.

Ina roƙonku ku tsaya tare da ni a kan jarrabawar nan ta 2002, domin masu suka sukan karanta rabinta su rufe littafi, masu talla kuma su karanta ɗaya rabin. Taswira ba ta ƙara komai ba, wannan gaskiya ne. Amma matan sun sami sauƙi, wannan ma gaskiya ne, kuma sauƙin yana da sababi wanda ilimi ya sani. Tun a 1915 Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana yadda jiki ke ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu idan ya hangi barazana: waɗansu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su zuba sinadarin adirinalin cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure, narkewar abinci ta dakata. Wannan shiri rahama ne ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji, domin cikin ɗan lokaci ko ya tsira ko a yi yadda Allah Ya so. Amma magidancin da kurarsa kuɗin haya ne da kuɗin makaranta da bashin ɗan kasuwa, wanda ba ya iya doke su ba ya kuma iya tsere musu, sai ya kwana ya tashi cikin ɗamarar nan wata da watanni, har barci ya ƙaurace masa, wuya ya sage, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Jiki kuwa yana da wani sashe na jijiyoyi wanda aikinsa kwance wannan ɗamara, kuma daga cikin abubuwan da ke tada shi akwai kwanciya a wuri mai shiru, da jan numfashi a hankali, da taɓawar hannu mai taushi wadda mutum ya amince da mai yin ta. Duka ukun suna cikin sa'ar nan ta tausa, ko da taswira ko babu.

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe wa tausa fasali a cikin Alƙanun, a babin kiyaye lafiya, ya rarrabe mai ƙarfi da mai taushi, da wadda ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi bayansa don kawar da gajiya. Kuma kafin shi Abu Zaid Albalkhi ya rubuta littafi sukutum a kan yadda lafiyar jiki da ta rai suke cuɗanye. Abin lura shi ne, Ibnu Sina ya sanya tausa tare da abinci da barci da wanka, watau cikin abubuwan da mai lafiya ke tsare lafiyarsa da su, kuma a ganina nan ne mazauninta har gobe. Mu ma a gidajenmu, yaron da ke matsa wa tsohonsa ƙafa bayan lisha yana neman albarka, da ungozomar da ke murza jariri da man kaɗe, ba su taɓa cewa suna gyara saifa ba.

Bari in ɗan ratse, don kada a ce na hana jiki taswira ɗungurungum. Akwai ta, amma a ƙwaƙwalwa take: likitan tiyata Wilder Penfield, a birnin Montreal na Kanada, ya nuna a 1937 cewa kowane sashe na fata yana da gurbinsa a saman ƙwaƙwalwa, leɓe da hannu sun kwashi fili babba, baya kuwa ɗan kaɗan. Wannan an gan ta, an kuma sake ganinta a hannun waɗansu.

Inda nake jin tsoro, ya ku jama'a, shi ne ranar da mai tausa zai zama mai duba. Mutum yana shan maganin hawan jini, a taɓa ƙafarsa a ce masa ƙodarsa ta toshe amma zama goma zai buɗe ta, ya ji daɗin zaman ƙwarai, ya ɗauka daɗin nan waraka ce, ya ajiye ƙwayoyinsa. Alhali hawan jini ciwo ne da ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce farkon labarinsa. Asibitocin da ke ba masu ciwon daji tausar ƙafa a Ingila suna ba da ita ne a gefen magani, don sassauta fargaba da samun barci, ba a madadinsa ba, kuma duk mai sana'ar da ya san haddinsa ba zai faɗi sunan cuta ba, ba kuma zai ce a bar umarnin likita ba.

Akwai kuma waɗanda ƙafarsu ba ta matsawa sai da izinin likita. Na farkonsu mai ciwon suga wanda ya daɗe da shi, domin ciwon yakan kashe jijiyoyin ji na tafi, ta yadda za a matsa har a yi rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa ya zama gyambo, gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. Irin wannan mutum takalmin tsinin nan ma haramiyarsa ne, abin da ke gabansa shi ne duba tafinsa kowace rana da shafa mai a kan faso. Haka wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, don la'alla gudan jini ne ya tsaya a jijiya, tausa kuwa tana iya tunkuɗa shi ya tafi huhu. Haka mai targaɗe ko karaya ko buɗaɗɗen miki. Mai juna biyu kuma ta fara shawartar ma'aikatan awo. Wanda ya kuɓuta daga waɗannan, yana kuma da halin biya, ko yana da na gida da zai yi masa kyauta, mace ga mace namiji ga namiji in ba ma'aurata ko muharramai ba ne, ban ga abin da zai hana shi miƙa ƙafa ba.

Shugaban wannan zama, na ga likitocin da ke sahun gaba sun cika takardunsu da tambayoyi, kuma sun fi ni sanin gyambon mai suga, saboda haka zan sauka in ba su wuri.