Wadar Zuci da Albashin Farko

An nemi in yi magana a kan abin da yake sa Kirista ya yi aikin alheri, da kuma inda yake samun wadar zuci da kwanciyar rai. Na san a ɗakin nan akwai Musulmi, akwai Kirista. Ni dai zan faɗi abin da addinina ya koya mini, 'yan'uwa Musulmi kuwa sai su auna, su ga inda muka haɗu da inda muka rabu.

Zan fara da albashi, tun da yake shi yawancinmu muke hange. A shekarar 1974 kwamitin Udoji ya ba da shawara a ƙara wa ma'aikatan gwamnatin Nijeriya albashi, a farkon 1975 kuma aka biya, har da na watannin baya a dunƙule. Wanda ba shi da rediyo ya saya, mai keke ya koma babur, 'yan kasuwa kuwa suka ɗaga kuɗin kaya, har murna ta soma komawa ciki. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu bisa zargin cin hanci ko sakaci. Ban ce duk wanda aka kora mai laifi ne ba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, kuɗin da ya cika aljihu bai kashe kwaɗayi ba, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Wannan ciwo ya daɗe. Linjilar Luka ta ba da labarin masu karɓar haraji da sojoji da suka je wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayarsa abin da za su yi. Bai ce su bar aikin gwamnati ba. Masu haraji ya hana su karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, sojoji kuma ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. To, faɗa da baki ba wuya. Tambayar ita ce, me zai riƙe hannun mutum ran da ba mai ganinsa?

Akwai mai yin alheri don a yaba masa; ran da masu yabo suka watse, alherin ya ƙare. Akwai kuma mai yinsa kamar ciniki, yana lissafi da Allah yadda ake lissafi da mai kanti, kullum zuciyarsa tana ɗar-ɗar, don bai san ko abin da ya biya ya kai ba. Koyarwar Kirista ita ce, Allah ne ya fara. Ya karɓi mutum ta wurin Yesu Almasihu tun mutumin bai kawo kome ba, aikin kirki kuwa godiya ce da take biyo baya.

Ku dubi wani mutumin Yariko mai suna Zakka, shugaban masu karɓar haraji, wanda ya yi arziki da aikin har jama'a suka tsane shi. Yesu ya sauka a gidansa tun bai gyara kome ba, mutane suna ta gunaguni. Sai bayan an karɓe shi haka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya kafa masa kwamitin bincike. A shekarar 1520 Martin Luta ya bayyana wannan tsari da misalin itace da 'ya'yansa: sai itace ya yi kyau sa'an nan 'ya'ya su yi kyau. Kada kuma wani ya ce ai shi ke nan, tun da kyauta ce sai a naɗe hannu. Wasiƙar Yakubu ta ɗauki bangaskiyar da ba ta ciyar da mayunwaci a matsayin gawa.

Daga nan wadar zuci take fitowa. Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku sa'ad da Kiristocin Filibi suka aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditas. Ya gode musu ƙwarai, amma ya nuna musu cewa ya riga ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ku lura, koyo ya yi, ba da ita aka haife shi ba. Masanan Helenawa na zamaninsa su ma suna koyar da wadar zuci, sai dai tasu ta mutum ya taurara zuciyarsa ce har ya daina bukatar kowa. Bulus kuwa ya jingina tasa ga ƙarfin da Almasihu yake ba shi, shi ya sa ya iya karɓar taimako ba kunya, ya iya rasawa ba ɗacin rai.

Na san wani zai ce, “Malam, wannan ai maganar da manya suke so ce, a ce wa talaka ya yi shiru.” Ko kusa. A wannan gari na Filibi aka taɓa yi wa Bulus bulala, aka kulle shi ba shari'a. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ƙi fita, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, sai sun zo da kansu. Suka zo, suka ba shi haƙuri. Wasiƙar Yakubu kuma ta la'anci masu gona da suke danne ladan masu girbi. Saboda haka nemi hakkinka, nemi ƙarin girma ta hanyar da ta dace, in an danne albashin ma'aikata ka yi magana. Abin da wadar zuci ta hana ka shi ne ka sa talakan da ya zo teburinka ya biya bashin da gwamnati ta ci maka.

Saura kwanciyar rai. Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ɗalibi ne mai kaifin basira, ya yi karatu a Kartaj, yana ɗan shekara 30 ya sami kujerar koyar da fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin Romawa take. Duk abin da ɗalibi yake mafarki ya samu, amma da bakinsa ya shaida cewa ransa bai huta ba. A 386 ya ajiye aikin, a 387 aka yi masa baftisma, daga baya ya koyar cewa domin Allah aka halicci zuciyar mutum, saboda haka muƙami ba ya iya cika ta. Ban ce ku ajiye aikinku ba. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, da kujera ta tafi kuwa ya koma Samaru yana duba marasa lafiya. Wanda bai ɗora ransa a kan kujera ba, in an janye ta ba ya faɗuwa.

'Yan'uwa, ran da za a gwada ku tana zuwa, ba kuwa da ganga za ta zo ba. Wata ya yi nisa, ƙane ya aiko a biya masa kuɗin makaranta, abokin karatunka ya wuce ka da sabuwar mota, ga kuma wani tsoho a bakin ofis yana jiran a sa hannu a takardar fanshonsa, ya naɗe ɗan abin da ya rage masa yana miƙo maka. A wannan sa'a Kirista yakan tuna cewa shi ma kyauta aka karɓe shi. Sai ya mayar wa tsohon kuɗinsa, ya ce, “Baba, riƙe abinka,” ya sa hannu, ya sallame shi. Aljihunsa bai ƙaru ba, kuɗin makarantar ƙane ma yana nan yana jiransa, amma daren nan zai yi barci, gama alheri gadon barci ne.

Shugaba, na ci lokacinku. Allah ya ba mu wadar zuci, ya sa mu gama da duniya lafiya.