Alamomin Lalacewar Altaneta: Jan Hankali Ga Masu Zuwa Gida Da Mota



A Sallar bara motoci biyu na 'yan wannan ƙungiya suka mutu cikin dare a hanyar gida, da mata da yara a ciki. Duka biyun altaneta ce ta ci amanarsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin juna.

Kamar yadda muke yi wa ɗalibanmu misali, batir randa ce, altaneta kuwa mai ga-ruwa. Batir ke tayar da inji, amma da zarar inji ya tashi, altaneta ke ba fitilu wuta, ta kuma cika batir. Ranar da mai ga-ruwa ya daina zuwa, komai girman randa sai ta ƙafe.

Ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Alama ta farko, jar fitila mai hoton batir ta kama a gaban direba alhali inji na aiki. Ta biyu, fitilun gaba su dushe in mota na tsaye, su ƙara haske in an taka totur. Ta uku, ƙara daga wajen inji: ko kukan fanbel da ya saki, ko gurnanin boris da ya cinye. Ta huɗu, ƙaurin roba ko na waya. Ta biyar, wadda ta fi cin kuɗinmu, mu sayi sabon batir, kwana kaɗan mu koma turin mota.

Kafin tafiya mu sa mai gyaran wutar mota ya auna da mita. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan volt 12.6 in inji na kashe, ya hau 13.5 zuwa 14.5 in an tayar. In bai hau ba, akwai matsala. Kada mu yarda a cire kan batir inji na aiki da sunan gwaji, domin yana iya ƙona ƙwaƙwalwar motocin zamani.

In fitilar ta kama a hanya, mu kashe rediyo da na'urar sanyi, mu tsaya gari mafi kusa. In fanbel ya tsinke, mu tsaya nan take, don a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu gida lafiya.